Targaɗe Ya Warke Amma Ƙafa Na Rawa: Na'urorin Da Ke Sake Koya Wa Ƙafa Tsayuwa

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon yamma a filayen Unguwar Kanawa ya san labarin. Matashi ya gurɗe a idon sawu, an kai shi wajen mai ɗori, an ja, an shafa magani. Bayan mako biyu kumburi ya sace, ya koma fili. Wata bai cika ba, ƙafar nan dai ta sake gurɗewa.

Matsalar ba a ciwon kaɗai take ba. A cikin jijiyoyin idon sawu akwai wasu 'yan na'urorin halitta da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa, kamar yadda waya ke gane an juya ta kwance ko tsaye. Targaɗe na raunana wannan saƙo. Tun a 1965 wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, ya nuna cewa atisayen daidaita tsayuwa na rage wannan rawar ƙafa. Daga nan kayan aikin suka yaɗu.

Kayan da ake amfani da su

Mafi sauƙi shi ne faifan katako mai rabin ƙwallo a ƙarƙashinsa. Mutum zai hau, ya yi ƙoƙarin hana gefen faifan taɓa ƙasa. Kafinta na iya haɗa shi, amma a liƙa roba a samansa saboda santsi. Akwai kuma matashin soso mai tauri, da BOSU, wato rabin ƙwallon roba da ake hura wa iska. Dukkansu aiki ɗaya suke yi: su hana ƙafa samun wurin taka mai ƙwari, dole tsokoki su riƙa gyara tsayuwa da sauri.

Wanda ya fi jan hankalin masu son fasaha shi ne Wii Balance Board, da kamfanin Nintendo ya fitar a 2007 don wasan bidiyo. Yana da ma'aunin nauyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, yana tura bayanai ta Bluetooth. A 2010 masu bincike a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka gwada shi da na'urar ɗakin bincike mai tsada, suka ga awonsa na tsayuwa ya yi kusa da nata. An daina ƙera shi, sai dai na hannu.

Wayar ma na'ura ce

Kusan kowace wayar zamani na da ma'aunin motsi, wanda ke juya allo da ƙirga taku. Manhajar Phyphox, da Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta, tana nuna wannan awo a zane. A ɗaure wayar a ƙugu ta baya, a tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 kusa da bango, sannan a maimaita da ɗayar. Ƙafar da zanenta ya fi tsalle-tsalle ita ce ta fi rawa. Idan ana yi duk mako, a wuri ɗaya, da waya ɗaya, za a ga ko ana samun ci gaba.

Kafin a hau faifai

Waya ba ta ganin karaya. Wanda ya kasa taku huɗu bayan ya ji ciwo, ko ƙashin idon sawunsa ke zafi idan an danna, asibiti ya kamata ya nufa a duba ko sai an yi hoto. A Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a Kano kuma Asibitin Ƙashi na Dala. Likitan gashin ƙashi ne zai faɗi lokacin fara atisaye: a soma a ƙasa da ƙafa biyu, sai ɗaya, sai a rufe ido, faifai ya zo daga baya. Masu ciwon suga da ƙafarsu ta rage ji kuwa, kada su hau sai da izinin likita.

Gaggawar komawa fili ce ke mayar da jinyar makonni ta zama ta shekaru. Minti goma a kullum a tsakar gida ya fi wata guda a benci.