Tuƙi Cikin Maye: Abin Da Doka Ta Tanada

'Yan'uwa, lokacin Kirsimeti da bukukuwan aure hanyoyinmu kan cika da matafiya. A nan ne wasu direbobi kan kurɓi giya ko burukutu a tasha, wai don su kori barci. Alhali giya tana rage kaifin ido, tana kuma sa ƙafa ta makara wajen taka birki.

A shekarar 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC. Dokar hukumar ta 2007 ta mai da tuƙi cikin maye laifi. Ma'aunin da ta sa shi ne giram 0.5 na barasa cikin kowace lita ta jini. Wanda kotu ta kama da laifin, dokar ta tanadar masa tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. In kuwa tuƙin ganganci ya jawo mutuwar wani, ɗaurin na iya kaiwa shekara 7.

Wani zai ce tarar ba ta taka kara ta karya ba. To, ɗauri fa? Wa zai ciyar da iyalinsa? Wace tara ce kuma za ta mayar wa gwauruwa mijinta?

Saboda haka, in ka sha, ka miƙa makulli ga wanda bai sha ba. Fasinja kuma, in ka ji warin giya a bakin direba, ka sauka. Gara ka makara da a kai gawarka gida.