Kyautar da Ke Tsayar da Mutum da Ƙafarsa: Darasi daga Aikin Mishan a Maraɗi

Idan aka ce wane mai kyauta ne, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yawan abin da ya fitar: buhu nawa, atamfa turmi nawa, mutum nawa suka yi layi a ƙofar gidansa. Wannan awo yana da sauƙi, sai dai ba ya gaya mana halin da iyali ke shiga ran da buhun ya ƙare. A tarihin aikin mishan na Kirista a tsakanin talakawan ƙasar Hausa akwai abin koyo game da haka, ga Kirista da Musulmi baki ɗaya.

Tun a shekarar 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasashen arewa, kuma daga tafiyarsu aka sami ƙungiyar da aka sani da SIM. Biyu daga cikinsu ba su daɗe ba cuta ta kashe su, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Waɗanda suka biyo baya sun zo da wa'azi, sun kuma zo da magani da makaranta. A wajejen 1937 suka karɓi kula da masu cutar kuturta a wurare irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, a zamanin da mutane ke ƙyamar ko gaisawa da mai wannan cuta. An buɗe asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a Nijar a 1950, sannan asibitin Danja kusa da Maraɗi a 1956. Har yau mafi yawan masu zuwa Galmi neman magani Musulmi ne, manoma da makiyaya.

Me ke sa mutum ya bar ƙasarsa ya zo ya wanke gyambon wanda bai sani ba? Kirista za su amsa da koyarwar Yesu Almasihu. A Linjilar Markus akwai labarin ranar da ya zauna a Haikali yana kallon masu ba da baiko. Attajirai suka zuba kuɗi masu yawa, wata gwauruwa matalauciya ta zo ta saka 'yan anini biyu. Ya nuna wa almajiransa cewa ita ta fi kowa bayarwa, don su daga rarar dukiyarsu suka ɗiba, ita kuwa abin da za ta ci ta bayar. Ke nan ana auna kyauta da abin da ta ci wa mai ita. A kan wannan fahimta ce matan Zumuntar Mata a majami'un arewa ke tara mudun hatsi da sabulu su kai wa gwauraye da marayu, alhali su ma ba wadatattu ba ne.

Amma akwai awo na biyu, wato abin da kyautar ta bari a hannun wanda aka ba. Nan ne labarin Maraɗi ya shigo.

A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo yankin Maraɗi a ƙarƙashin SIM. Ya tarar gonaki sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka, mata na doguwar tafiya neman itacen girki, wasu ma da karan dawa da kashin shanu suke hura wuta. Aikin da aka ba shi shi ne renon dashe da raba wa ƙauyuka. Aka yi ta dasawa, fari da awaki da gara suna cinyewa, mafi yawan dashen ya mutu.

A 1983 ya lura da wani abu da kowa ke takawa ya wuce. 'Yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwan da aka sare ne tun da can, kuma saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: a kowane kututture manomi ya zaɓi 'yan tsiron da suka fi ƙarfi, ya sare sauran, ya datse rassan gefe, ya kare su daga dabbobi da wuta. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen na girma da sauri fiye da dashe. Ba a bukatar kuɗi ko ban ruwa, adda ta isa. Wannan shi ne abin da manoman Nijar ke kira sassabin zamani.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, su ma ana yi musu dariya, don a lokacin gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Mishan ta shiga rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin wanda ya karɓa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar itatuwa kimanin dubu ɗari biyar. Da rabon ya ƙare, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku.

A nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Abincin ya ceci rayuka, wannan ba abin musu ba ne, kuma mai jin yunwa hatsi yake bukata kafin komai. Amma abin da mutum ya yi don a ba shi buhu, ran da buhu ya yanke zai bari. Waɗanda ba su sare nasu ba su ne suka ga amfanin da idonsu: itacen girki a kusa da gida, ganyen kalgo da sabara na komawa taki, 'ya'yan gawo na ƙosar da dabbobi, gero a ƙarƙashin gawo ya fi yabanya saboda gawon yana kaɗe ganyensa da damina. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko ƙwaya ba. Da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara a kansa ba, sai abin ya bazu.

Bayan kimanin shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, an ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 200. Ba duka ne daga hannun mishan ba, don a yankin Damagaram manoma da yawa da dabarar kansu suka rena gawo. A 2018 an karrama Rinaudo da wata babbar lambar yabo ta ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Aikin dai na manoma ne, kuma shi ya sa ya ɗore. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma maganar da ba ta ɓuya. Musulmi da dama na kallon taimakon mishan da zargin cewa hanya ce ta jawo talaka ya bar addininsa, kuma gaskiya ne wa'azi da magani sun tafi tare a wurare da yawa. Kowa na da 'yancin faɗin abin da ya yi imani da shi. Amma duk wanda ya ɗora wa mai jin yunwa ko marar lafiya sharaɗin addini kafin ya taimake shi, ciniki ya yi, ko da wane addini yake bi. Linjila ta gargaɗi masu yin sadaka don a gan su a yabe su, Alƙur'ani kuma ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. A nan addinan biyu bakinsu ɗaya.

Saboda haka, mai karatu, ko baiko kake bayarwa a majami'a ko zakka kake fitarwa, kafin ka miƙa hannu ka tambayi iyalin abin da suke bukata da abin da suka iya. Idan yunwa ce, ka ciyar ba tare da jinkiri ba. Idan ta lafa, ka duba ko jarin ƙosai, ko akuya, ko kuɗin makarantar yaro ne zai raba su da roƙo. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka goranta musu, kuma ka koma bayan wata shida ka ga yadda suke.