Ƙarin da Ke Sake Tsirowa a Zuciya: Gadon da Ba a Zaman Rabonsa

Duk wanda ya ratsa layin masu man shafawa a Babbar Kasuwar Kaduna ya san yadda mu matasa ke neman maganin tabon fuska. Yawancin tabon ba komai ba ne, ƙuraje ne ko tawadar Allah. Sai dai akwai wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wadda ɗigo-ɗigon baƙi a leɓe da fatar ido da cikin ido kan zama alamarta ta farko, alhali babbar ɓarnarta tana cikin zuciya.

Likitoci na kiranta cutar Carney, da sunan Dakta Aidan Carney na asibitin Mayo da ke Amurka, wanda ya bayyana ta a 1985. Mai ita kan samu wani ƙari mai laushi da ake kira miksoma a cikin zuciya. Ƙarin ba kansa ba ne, amma inda yake zama ne matsalar. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, kuma ƙarin ya fi tsirowa a ɗakin sama na hagu, yana lilo kusa da ƙofar da jini ke bi. In ya toshe ta, sai haki da jiri, wani lokaci har da suma. In wani guntu ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki, ko da mutum bai kai shekara 25 ba.

Maganinsa tiyata. Tun a 1954 likita Clarence Crafoord ya yi nasarar cire irin wannan ƙari a Suwidin, a Najeriya kuma an fara tiyatar buɗe zuciya a Inugu a 1974. Ga wanda ƙarin ya zo masa haka kawai, galibi babba mai shekaru, da an cire shi ke nan, da wuya ya dawo. Mai cutar Carney kuwa tun yana matashi yake fito masa, yana iya zama fiye da ɗaya, a kowane ɗaki, kuma ya sake tsirowa bayan an cire. Shi ya sa ake son a riƙa yi masa hoton zuciya na eko aƙalla sau ɗaya a shekara, har ƙarshen rayuwa.

Dalilin dawowar yana cikin halitta. A shekarar 2000 masana suka gano cewa a yawancin masu cutar, wata ƙwayar gado mai suna PRKAR1A ce ta samu tangarɗa. Aikinta kamar birki ne ga girman ƙwayoyin jiki. Likita zai iya cire ƙarin, amma birkin yana nan a lalace. Tangarɗar kan taɓa har wasu sassan da ke sarrafa sinadaran jiki, ta jawo kumburin fuska da teɓa da hawan jini.

Mun saba da zancen sikila, inda sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita kafin ɗa ya kamu. A nan mutum ɗaya ya isa. In uba ko uwa na da ita, kowane ɗa yana tsakanin samu da tsira, rabi da rabi. Gwajin jinin da muke yi kafin aure bai gano ta. Don haka in an tabbatar da ita ga mutum guda, iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya duk sai a duba su.

A gidajenmu ba mu cika tambayar abin da ya yi ajalin wani ba. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma likita na buƙatar jin cewa baffa ya faɗi yana ɗan shekara 30, ko an taɓa yi wa goggo aikin zuciya sau biyu. Mu da ke makaranta ya kamata mu zauna da manya cikin ladabi, mu tambaya, mu rubuta.

In matashi na yawan suma ko haki ba dalili, kada a tsaya ga ƙwayar kemis ko zargin iskoki. A kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, a nemi ganin likitan zuciya, a kuma tafi da tarihin gida a hannu.