Raunin Wuya: Yadda Ake Gyaran Jijiyar Jini Ta Cikinta Ba Tare Da Yanka Ba

Wuya ƙaramin wuri ne, amma ta nan manyan jijiyoyi huɗu suke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaba, biyu kuma ta cikin ƙashin wuya. Idan wuƙa ko kibiya ko harsashi ya huda ɗaya daga cikinsu, mutum yana iya rasa ransa cikin 'yan mintoci, ko ɓarin jikinsa ya shanye.

Likitoci sun kasa wuya kashi 3: gindinsa wajen ƙirji, tsakiyarsa, da samansa daga kusurwar muƙamuƙi zuwa gindin ƙoƙon kai. Tsakiya tana da sauƙin isa ga mai tiyata. Gindi da sama kuwa ƙashi ya kare su, har wani lokaci sai an buɗe ƙirji kafin a kai ga jijiyar. A nan ne gyara ta cikin jijiya ya fi amfani.

Yadda Ake Yin Aikin

Likita yakan huda jijiyar matsematsi da allura, ya zura siririyar waya, ya bi ta da bututu mai laushi har zuwa wuya, yana kallo a na'urar hoto. Sai ya zuba wani ruwa da ke bayyana inda jini yake yoyo. Idan jijiyar da ƙwaƙwalwa ta dogara da ita ce, sai ya dasa ɗan bututun raga mai rufi ya liƙe hujin daga ciki, jini ya ci gaba da wucewa. Idan ƙaramin reshe ne, sai a toshe shi da murɗaɗɗun wayoyi. Wani likitan Suwidin, Seldinger, shi ne ya fito da dabarar shiga jijiya da waya a 1953, kuma a 1964 Charles Dotter na Amurka ya fara buɗe toshewar jijiya ta wannan hanya.

Sai dai aikin yana buƙatar ɗaki na musamman da ƙwararru, kuma an fi yin sa ga wanda jininsa ya tsaya. Wanda yake ta zubar da jini, tiyatar gaggawa ce hanyar cetonsa. Saboda haka abin da aka yi kafin a isa asibiti shi ne tushen komai.

Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Yi

1. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, kada a saki. Kada a ɗaure wuya zagaye, kada a danne maƙogwaro.
2. Kada a zare wuƙa ko kibiyar da ta kafe.
3. Kada a zuba toka ko garin magani, kada a ba shi ruwa ko abinci.
4. A garzaya asibiti mafi kusa. Mazauna Kakuri, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha da ƙauyukan Chikun suna da Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. Idan aikin ya fi ƙarfin asibiti, likita zai tura majinyaci gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ko da raunin ya warke, idan bayan kwanaki ko makonni aka ga kumburi mai bugawa kamar zuciya, ko dishewar murya, ko nauyin hannu ko na harshe, a koma asibiti nan take, domin jijiyar tana iya fashewa.

Kira Ga Shugabanni

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su sanar da jama'a cewa dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Haka nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa. Kada tsoro ya sa a ɓoye mai rauni a gida.

Allah Ya kiyaye mu, amin.