Fitsarin Jini: Alama Daban, Cuta Daban

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani babban kundi da ake kira ICD, wanda a cikinsa aka ba kowace cuta lambarta, domin asibitin Kano da na Alƙahira su riƙa ƙidayar cututtuka da ma'auni ɗaya. An amince da bugu na goma a 1990, na goma sha ɗaya kuma ya soma aiki a 2022, ko da yake wurare da dama suna nan a kan na goman.

A bugu na goma, lambar fitsarin jini ita ce R31, ta zafin fitsari kuwa R30.0. Sai dai ɗalibi ya lura, harafin R na alamomi ne kawai, wato abin da aka gani kafin a gano musabbabinsa. Da zarar an gano, sai lamba ta canja: tsakuwar ƙoda N20.0, ciwon dajin mafitsara C67, tsargiya kuwa B65.0.

Wannan ta ƙarshe ita ta fi shafar yaranmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Yanki ne mai albarkar ruwa: Kogin Kano ya ratso dajin Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ga kuma fadamu da kududdufai. Ruwa mai kwanciya irin wannan shi ne gidan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai suna Bulinus.

Tsutsar da ke haddasa tsargiya sunanta Schistosoma haematobium, kuma wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige dodon koɗi su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito, su huda fatar mai wanka ko su ko dashen shinkafa. Daga nan su girma, su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Kowane ƙwan da suka saka yana da ƙaya a ƙarshensa, kuma fitowarsa ta bangon mafitsara ita ke kawo jinin, galibi a ɗigon ƙarshe na fitsari.

To, ina amfanin bambanta lambobin? Ai da ƙidaya ake rabon magani. Tun 2022 hukumar ta ba da shawarar cewa duk garin da cutar ta kama goma cikin ɗari, a riƙa raba maganin praziquantel kowace shekara, tun daga 'yan shekara biyu. Idan aka tsaya a R31 ba a duba fitsari da madubin likita ba, tsargiya ba za ta fito a lissafi ba, garin kuma ya rasa rabonsa.

Saboda haka malamai su ja kunnen ɗalibai cewa fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu ke zato. Tsargiyar da aka bari takan rage jini, ta lalata ƙoda, ta taɓa mahaifar mata, har ta kai ga dajin mafitsara. Wanda ya ga jini ya kai fitsarinsa asibiti tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen suka fi fita. Dattijon da ya gani kuwa, ko babu zafi, kada ya ɗauka tsargiya ce sai an bincika.