Daidaita Batir da Inji da Linzami a Motocin Wasa Masu Rimot: Darasi Daga Ƙasar Bagudo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dangantakar da ke tsakanin abubuwa uku da ke tafiyar da ƙaramar motar wasa wadda ake sarrafawa daga nesa, watau batir da injin lantarki da na'urar sarrafa gudu. Wataƙila wani ya ce wannan ai sha'anin yara ne, bai cancanci zama a gaban malamai ba. To, amma duk wanda ya san garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, irin su Sharabi da Illo da Lolo da Tsamiya, ya san yara sun daɗe suna ƙera motoci da kara da gwangwani. Yanzu kuwa sukan cire ɗan inji daga mataccen rikoda, su haɗa shi da batirin tocila ko na waya. Ga kuma motocin wasa na kamfani, sababbi da na gwanjo, cikin kayan da ke shigowa daga Jamhuriyar Benin. A makarantar da ba ta da ɗakin gwajin kimiyya, wannan ƴar mota ita ce ɗakin gwajin da malami ke da shi a hannu, muddin ya san yadda take aiki.

2.0 Wa Ke Turawa, Wa Ke Ja?

Bari mu ɗauki misali daga ban-ruwa, tun da manoman shinkafa na fadamun Kwara sun san shi sarai. Bolt kamar tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin ruwa a kai ne, amfiya kuwa yawan ruwan da ke kwarara cikin bututu. Batir shi ke yanke bolt, amma inji shi ke jan amfiya gwargwadon nauyin aikin da aka ɗora masa. A nan ne akasarin ɗalibai kan ruɗe, domin suna zaton batir mai yawan amfiya zai ƙona inji. Ba haka abin yake ba. Abin da ke ƙona inji shi ne bolt da ya wuce ƙima, ko kuwa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Ita na'urar sarrafa gudu, wadda ake rubuta wa ESC a jikin kwali, za mu kira ta linzami, domin aikinta ke nan. Tana kunna wuta ta kashe sau dubbai cikin daƙiƙa guda, in lokacin kunnawa ya fi tsawo sai gudu ya ƙaru. Har ila yau takan rage wuta zuwa bolt 5 ko 6 don ciyar da akwatin karɓar saƙon rediyo da ɗan injin sitiyari.

3.0 Lissafin Daidaitawa

A shekarar 1976 ne kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot. An daɗe ana tafiyar da irin waɗannan motoci da ƙwayoyin batir guda 6, kowace mai bolt 1.2, jimla 7.2. Bayan da kamfanin Sony ya shigar da batirin litiyam kasuwa a 1991, sannu a hankali dangin wannan batir mai suna LiPo ya mamaye fagen. Ƙwayarsa ɗaya bolt 3.7 ce, in ta cika taf ta kai 4.2. Saboda haka wanda aka rubuta wa 2S bolt 7.4 ne, mai 3S kuwa 11.1.

A jikin inji akan ga lamba da alamar Kv, watau yawan juyawar da yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt idan ba ya ɗauke da kaya. Alal misali, inji mai Kv 3,000 zai juya sau 22,200 da batirin 2S, da na 3S kuwa sau 33,300. Yaro zai yi murna da wannan gudu, amma murnar ba ta daɗewa. Dokar da James Joule ya bayyana wajen 1841 ta nuna cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin amfiya ne sau kanta. In amfiya ta ƙaru da rabi, zafi ya ninka sau biyu da kwata ke nan. Linzamin da aka ƙera don 2S, in aka ba shi 3S, sau da yawa hayaƙi ne ƙarshensa.

Shi batir yana da lambobi biyu da ya wajaba a karanta tare. Ta farko yawan abin da ya ajiye, misali mAh 5,000, ta biyu lambar C. In an ninka amfiya 5 sau 20C an sami amfiya 100, iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan. A ganinmu bai kamata a amince da wannan lamba ido rufe ba, musamman a batiran da ba a san maƙeransu ba, don kuwa fenti ba ya tsada. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce a fara da inji, a zaɓi linzamin da amfiyarsa ta ɗara abin da injin ke ja, sa'an nan batirin da ya ɗara su duka. Sai kuma a lura, inji mai gawayi waya biyu gare shi, marar gawayi waya uku, kuma kowanne da irin linzaminsa.

4.0 Abin da Ƙasarmu Ke Ƙarawa

Takardun da ke zuwa cikin kwali ba su san rairayi ba, ba su kuma san bazarar Maris da Afrilu ba, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Taya in ta nutse cikin yashi, inji yakan ja amfiya mai yawa alhali motar ba ta ci gaba, iskar da za ta sanyaya shi ma da ɗuminta take zuwa. Maganin wannan ba ƙarin bolt ba ne. A sauya ƙaramar giyar da ke bakin inji da wadda haƙoranta ba su kai yawan na farko ba, gudu ya ragu kaɗan, ƙarfin ja ya ƙaru. In bayan ƴan mintoci ba a iya ɗora yatsa kan inji na daƙiƙa uku ba, to, lodi ya yi yawa. Ƙurar hunturu kuma tana cinye gawayin inji da wuri.

Daɗin daɗawa, batiran da yara suka fi samu su ne ƙwayoyin 18650 da aka ɓanɓaro daga tsofaffin kwamfutocin hannu. Waɗannan an yi su ne don ba da wuta kaɗan na dogon lokaci. Sun wadatar da ɗan injin rikoda, amma babban inji zai galabaitar da su nan da nan. Batirin litiyam kuma ba ya son a zuƙe shi ƙasa da bolt 3 a kowace ƙwaya, shi ya sa linzami nagari yake yanke wuta da kansa kafin a kai nan. Babban haɗari yana wajen caji. Wanda ya jona LiPo kai tsaye da batirin mota ko farantin sola, ba tare da cajar da ke daidaita ƙwayoyi ba, yana wasa da gobara ne, balle a ɗakin da aka yi wa jinka. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a sake cajinsa, wanda za a ajiye kuwa a bar shi kan bolt 3.8 a inuwa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama sun karkata ga famfunan sola, babura masu batir kuma suna ɗaukar fasinja a Kwatano. Famfon sola shi ma tushen wuta ne da linzami da inji, lambobin ne kawai suka fi girma. Saboda haka muna ba da shawara ɗalibin da zai fita koyarwa ya auna bolt da amfiya na motar wasa da mita, sau ɗaya tayoyi suna sama, sau ɗaya a kan siminti, sau ɗaya cikin rairayi, ya rubuta abin da ya gani kafin a ba shi dokar.