Zakara Mai Bin Mutane Da Sara: A Gyara Shi Ko A Yanka?



Makon jiya wata maƙwabciyarmu a nan Darmanawa ta aiko a kira ni, wai zakaranta ya hana kowa sakat a tsakar gida. Ya sari jikanta ɗan shekara uku a kumatu, kaɗan ya rage ya samu ido. Da na shiga sai na tarar da kaji mata 6 da zakaru 3, duk Noiler, a ɗan lungun bayan kicin. Na ce Hajiya, ai dole a yi rigima a nan.

Zakara yana fara wannan hali ne idan ya balaga, wajen wata 4 zuwa 6. A lokacin yake ganin kajin nasa ne, filin ma nasa ne, duk wanda ya matso abokin gaba ne. Idan zakaru sun yi yawa abin ya fi muni: su yi ta faɗa har zanko ya fashe, su dami matan da barbara har bayansu ya zama ba gashi, ƙwai ya ragu. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Gidajenmu na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi kuwa kun san yadda tsakar gida take, babu inda mai rauni zai gudu ya ɓuya.

To irin wannan yana gyaruwa. Rage zakarun, ka bar ɗaya. Ka raba wurin ci da sha gida biyu. Wanda ya fi tsiya a kulle shi a keji shi kaɗai kamar mako guda. Idan ya taso maka kar ka gudu, kar kuma ka shure shi, domin duka yana ƙara masa faɗa ne kawai. Ka tare shi da tsintsiya ko faifai, ka tsaya har ya ja da baya. Ƙaimi, wato tsinin nan da ke bayan ƙafarsa, ana iya goge bakinsa kaɗan, amma da jini a ciki, don haka wanda bai taɓa yi ba ya nemi ma'aikacin dabbobi.

Amma fa gaskiya, zakaran da ya riga ya saba da kai wa mutane hari, a gidan da ke da ƙananan yara, ni ban ba da shawarar a yi ta lallaɓa shi ba. Tsayin yaro daidai yake da inda zakara ke tsalle ya kai, fuska yake samu. A yanka shi a ci, ko a kai kasuwar Tarauni a sayar wa mai yanka, kar a ɓoye halinsa a sayar wa mai kiwo. Kuma hali irin wannan yana iya bin jini, bai kamata ya zama uban 'yan tsakinka ba.

Abin da ya fi damun Hajiya shi ne ƙwai. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ke buƙatarsa. Ko bayan an cire shi, ƙwan da za ta yi a cikin mako na farko yawanci zai ƙyanƙyashe. Idan za ka kawo sabon zakara, ka ware shi mako biyu tukuna, musamman da hunturu da cutar kaji ke yawo.

Wanda aka sara kuma a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a je asibiti a duba maganar allurar tetanus, don ƙafar kaza kashi take takawa. Idan kusa da ido ne kar a tsaya kemis, asibitin Malam Aminu Kano na nan kusa.

Hajiya dai ta yanka biyu, ta bar mai sanyin cikinsu.